Gyado a Gonar Baba

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Mazanya, mun kama ɗaki kusa da bodar Jibiya, ina sayar wa direbobi shinkafa da wake. Mahaifina bai iya zaman banza ba. Da an ce hanya ta lafa sai ya saɓa fartanya ya bi masu babur, ya dubo gonarsa ta bakin rafi, ya dawo kafin la'asar.

Ran nan ya dawo da saiwar rogo an gatse ta rabi. Ya ajiye a gabana ya ce aikin gyado ne, aladen daji. Rabonsa da ganin sawun gyado tun yana saurayi, kafin a sare dajin a mai da shi gonaki.

Zuwan da ya yi na gaba ya gan ta ido da ido. Mace ce. Ya ce tsayinta bai wuce cinyarsa ba, amma ta fi ragon layya jiki, kanta ƙato, haure biyu sun lanƙwaso sama. Ya same ta durƙushe kan gwiwoyin gaba tana tone gyaɗa da hanci, 'ya'yanta na biye suna tsintar abin da ta bari. Ta cinye rogon, ta shiga dankali, har ciyawar kan kunya ba ta ƙyale ba. Ramin da take kwana kuwa gindin rumbunmu ne da ya rushe, da baya take shiga, hauren na fuskantar waje.

Wani direba mutumin Maraɗi da ke cin abinci a rumfata ya ce ya san maharba, in Baba na so a kawo su. Baba ya yi masa godiya, ya ce a bari tukuna. Da mutumin ya tashi na tambayi Baba dalili, tunda abincinmu take ci.

Ya dubi manyan motocin da suka yi layi, ya ce, "Ɗiyata, ba ɓarnar ta dame ni ba. Na yi gyaran murya, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tono. Ta san ba kowa a garin."

Da kaka abin da ya kawo bai cika buhu ba. Daga nan hanyar ta sake ɓaci, masu babur suka daina zuwa. Ya koma zama kan benci a bayan rumfata, duk wanda ya fito daga wajenmu sai ya tare shi da tambaya. Amsar ɗaya ce, ciyawa ta rufe ko'ina.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi farkon damina, bai tashi ba. A Jibiya aka binne shi, cikin mutanen da bai sani ba. Ni har yau ban koma ƙauyen ba.