Delu, Wadda Ta Buɗe wa Gado Hanci

Kafin mata su fara daka a Urno, Delu ta riga ta fita da kwaryar yumɓu a ka. Maginiya ce, amma tukwane ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Ita ce mai gina gadon wuta, gadon ƙasar nan da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, mai jego ta kwanta a gefe guda, a shanya tsumman jariri a ɗaya gefen. Da damina ba mu da wata rana sai shi. Gida-gida take bi, ta taɓa wannan gado, ta kwashe tokar wancan, ta yi wa matar gida tsiya kan ɗanyen icce, ta wuce. Bana gwiwoyinta sun ƙi, ta ajiye kwaryar. Na ce ba za ta zauna shiru ba mu kuma mu yi shiru.

Abin da na gani da idona zan faɗa. Lokacin babban yaƙin Nasara, wato Turawa, da yadi ya ɓace daga kasuwar Madawa, ƙanwata Hasana ta haifi bakwaini a tsakiyar malkar damina. Tsumman da aka samo masa ba su taka kara sun karya ba, tsohon zane ne aka yayyaga. In ya jiƙa su aka wanke, dole su bushe kafin ya jiƙa na jikinsa. Sai gadon ya ƙi zafi. Icce na ci, hayaƙi ya cika ɗaki, gado kuwa sanyi ƙalau. Aka ƙara icce, aka yi ta fifita, a banza. Yaron ya fara tari, ƙafafunsa suka yi sanyi, kukansa ya koma ƙasa-ƙasa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ba ni kaɗai ba.

Delu ta shigo jiƙe sharkaf. Ba ta tambayi kowa kome ba. Ta karya icce ta shinshina, busasshe ne. Ta zura hannu ta duba toka, ba ta taru ba. Ta bi jikin gadon da tafin hannu tana neman tsaga, babu. Sannan ta fizgi ɗan zare daga bakin zanenta, ta riƙe a bakin murhun. Zaren ya tsaya cak.

"Gadon ga ba shi numhwashi," in ji ta. "Wa yat toshe mai hanci?"

Hanci take kiran ramin da take hudawa ta bayan ɗaki, inda hayaƙi ke fita yana jan zafi a ƙarƙashin gadon. Ta zagaya cikin ruwan, muka bi ta. Ga ramin an liƙe shi da sabon yaɓe, har da sawun yatsu.

Iya Mairamu, kakar jaririn ta wajen uba, ta sunkuyar da kai. "Ni ta, Delu. Ɗakin mai jego ba a barin kahwa ko guda. Tsoro nika yi sanyi shi shigam ma yaron."

Duk mun san haka ake yi, kowace kafa toshewa ake. Na ɗauka Delu za ta balbale ta da faɗa, don bakinta ba ya ragawa kowa. Sai ta dafa kafaɗar Iya.

"Gaskiyarki, Iya, sanyi mugu na. Amma wagga kahwa hita akai ta nan, ba shiga ba. Kawo min hwasasshiyar tukunya."

Ta sa tsinken icce ta farke yaɓen, ta kifa rabin tukunyar a saman ramin kamar malfa, yadda ruwa da iska ba za su doke shi ba. Ta ce Iya ta liƙe gefen da hannunta. Da muka koma ɗaki, wutar ta miƙe tana kwantawa ciki, hayaƙi ya yaye. Ba a jima ba tsumman suka fara turiri. Delu ta ɗauki na farko da ya bushe, ta manna a kumatunta, ta miƙa wa Iya ta naɗe jikanta. Can yaron ya tsala ihu, irin na mai neman nono. Hasana ta fashe da kuka, Iya ta rangaɗa guɗa.

Delu, ke ce kika gano ciwon ba ki kunyata mai ciwon ba. Ke ce kika sa yau daga Urno har ƙauyukan Buza, ko'ina ka ga rabin tukunya a bayan ɗaki, ka san akwai mai jego a ciki, kuma ba wanda ya ƙara toshe hanci. Uwar ɗumi, mun gode. Allah ya ɗumama kwanakinki kamar yadda kika ɗumama namu.

Ku kuma matan da suka karɓi kwaryarta, ku koyi dubawa kafin ku ƙara icce, ku koyi lallashi kafin faɗa. Wanda yake shakkar amfanin hakan ya je ƙofar Delu da hantsi. Zai tarar da ƙaton yaro yana sauke mata damin icce, yana mata gardamar cewa busasshe ne. Hamani sunansa, shi ne bakwainin nan.