Faifan da Na Tura Ƙarƙashin Gado

Ko shekara nawa Allah ya ba ni, ranar sunan nan da aka yi a gidanmu na Dogarawa ba za ta fita raina ba. Har yanzu in na tuna da ita sai in ji kamar in rufe fuska da gyale, alhali ba mai kallona.

A lokacin ɗiyata ta fari tana shekara bakwai. Tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, amma Faransanci ya ƙi zama a bakinta. Hannu kuwa Allah ya ba ta. Tun tana ƙarama take manne da kakarta, uwar maigidana, tana koyon ɗinkin faifai. Da aka ce gwaggonta ta Malbaza za ta zo suna, sai ta shafe kwana goma sha a gindin bedi, wato darbejiya, tana ɗinka wani ɗan faifai, da kaba ja da kore a bakinsa. A gidanmu ba a kai wa baƙo fura a buɗe, sai an rufe ƙwarya da faifai mafi kyau. Burinta ke nan, a rufe furar gwaggo da nata.

Gwaggon ƙanwar maigidana ce, mijinta yana aiki a kamfanin siminti. Ta iso da hantsi tare da ɗiyarta, sa'ar tawa, da takalmi mai igiya da jakar lakwal a baya, ko da yake hutu ake yi. Mata suka ce yarinyar ta yi musu Faransanci. Ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji, ta zubo wata hadda kamar rediyo. Ba wadda ta fahimci ko kalma ɗaya a cikinmu, amma muka ɗauki tafi da guɗa kamar mun ji wa'azi.

Ni dai a nan zuciyata ta ɓaci. Gaskiya hassada ce, ba ni da wani sunan da zan sa mata. Na shiga ɗaki ɗaukar furar, ɗiyata ta biyo ni da faifanta a hannu biyu.

"Inna, ga shi, na gama."

"Kai can da shi!" na ce. "Ba ki ji 'yar uwarki ba? Ke mi kinka iya in ba kaba?"

Na fizge faifan na tura ƙarƙashin gado, na kifa wa ƙwaryar wani murfin roba na kanti. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, wataƙila da na farga tun a lokacin.

Bayan azahar na gan ta a bayan rumbu. Ta samo yagaggiyar takardar buhun siminti, ta riƙe ta kamar littafi, ta harɗe ɗayan hannun a ƙirji, tana ta gwaranci wai ita ma Faransanci take yi. Kabarta kuwa tana watse a ƙasa, awaki na tattakawa. Na wuce abina, har da ɗan jin daɗi wai ta fara hankali.

Da la'asar gwaggo ta shiga ɗakina yin salla. Wajen jawo tabarma daga ƙarƙashin gado sai faifan ya biyo. Ta fito da shi tsakar gida tana jujjuyawa.

"Wa yay yi wanga? Ku dubi ɗinki, ko tsinke ba ya ratsa shi! Ni wagga ɗiya tawa ko zare ba ta iya sa ma allura."

Kaka ta nuna jikarta da baki. Gwaggo ta kira ta.

"Zo nan, ɗiyata. Aikinki na?"

Yarinyar ta dubi faifan, ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ba nawa na ba, Gwaggo. Ni ban iya komi ba."

Kwana goma sha tana soke yatsunta a kan abin nan, ga shi a gaban jama'a ta ce ba nata ba ne. Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, "Wagga magana ba ita ta ƙirƙire ta ba. A bakin wani taj ji ta." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na tsince kabar nan ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na zauna kusa da ita a gindin bedi na ce ta koya mini, don ni ma ban iya ba. Ta ƙi. Sai da na yi kusan wata ina ɓata kaba a gabanta kafin wata rana ta gaji da kallon ɓarnata, ta karɓe ta ce, "Ba haka a kai ba, Inna." Lakwal ma ta ci gaba da zuwa, karatun ya shiga a hankali, ban sake auna ta da ɗiyar kowa ba.

Yanzu ta yi aure, fayafanta har kasuwar Ƙonni ake nema. Amma ta daɗe, in ta ji sallamar baƙi, sai ta tura abin da take ɗinkawa ƙarƙashin gado.

Abin da na koya shi ne, yaro ba ya raina abin hannunsa sai ya ga babba ya raina. Yau in jikokina suka kawo mini wani abu da suka yi, ko tukunyar laka ce, sai in ajiye abin da ke hannuna in karɓa da hannu biyu, yadda uwarsu ta miƙo mini nata ranar nan ban karɓa ba.