Sunan Baturen Gada

Shekarar da aka kwantar da Inna a asibiti a Camberwell ban iya zama wuri ɗaya ba. Ciwon ƙoda ya kawo ta Landan, kuma abu ɗaya ta roƙe ni: in nemo mata inda aka binne mahaifinta.

Mutumin Italiya ne. Aikin gada ya kai shi ƙasar Zazzau, ya musulunta, ya auri kakata. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke sojojin Ingila suka tafi da shi a mota, don ƙasarsa abokiyar gabarsu ce, Inna tana shekara bakwai. Ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya da ƙanwata ke aiko mini daga Kano sun cika mini kai. Na riga na gama tsara kakan nawa a raina, dogo, mai idanu kamar ruwan rafi, tsaye a jirgin ruwa yana hawaye.

Duk ranar da ba ni da aiki sai in hau bas daga Catford, in shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka gidan da ake adana tsofaffin takardun gwamnati. Ranar farko matar da ke kan tebur ta ɗauki biro ta tambaye ni sunansa. Sai a lokacin na tuna ban san sunan ba. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, saboda kunya. "Shi" take cewa. Mutanen gari suna ce masa baturen gada. Sunan da liman ya raɗa masa kuwa babu shi a takardun Turawa.

Wata huɗu ina jan yatsa a kan jerin sunayen waɗanda aka tsare, ina furta kowanne a hankali ko zuciyata za ta buga. Ta buga wa mutum fiye da goma.

Da jikin Inna ya tsananta sai na zaɓi ɗaya. Na zauna bakin gadonta na ce na same shi, an binne shi kusa da teku, ya mutu da ɗankwalin kakata a hannu.

Ta dube ni ta ce:

"'Yar nan, gajere ne fa, ga tumbi. Kullum faɗa suke da kakarki kan gishiri. Wannan daga littattafanki kika ciro ko?"

"Eh, Inna."

"Ba ki samo ba ke nan."

"Ban samo ba."

Ta juya fuskarta bango. Can ta ce abin da take tunawa hannunsa ne, duk gari, yana murza musu taliya a faranti. Ta ce in je wurin malamin nan ɗan Gana na Deptford a yi masa addu'a da sunan da liman ya sa masa, ai Wanda ake roƙo ya san shi.

Ranar Juma'a na je. Daga can, maimakon in wuce gida, sai na sake hawa tube, don akwai kundi ɗaya da ban buɗe ba.