Fumfuna a Kunnen Inna

Daminar da kunnen Inna ya toshe, waya ta zame min azaba. Ina aiki a birni, ita tana Ruwan Bago, muryarta ce kaɗai rabona da gida. Sai in yi ta gaisuwa tana cewa, "Iye? Ɗaga murya mana!" In na ajiye wayar, kuka nake yi.

Da na je, na tarar kowa ya gwada iyawarsa a kunnen nan: an ɗiga man gyaɗa mai ɗumi, an sosa da gashin kaza, an sayo maganin kemis. Na ɗora ta a acaɓa sai asibiti a Rogo. Likita ya leƙa, ya zaƙulo wani baƙin abu, ya ce fumfuna ce, danshi take so, man gyaɗa da susa kuwa taki ne a wurinta.

Inna ta gyara zama. "Likita, tun ba a haife ka ba nake shanya gyaɗa, ko buhu ɗaya bai taɓa yi min fumfuna ba. Sai kunnena?"

Ya ba mu maganin ɗigawa mai kashe fumfuna, ya ce mako biyu cur, ko da ƙaiƙayin ya tafi. Kwana huɗu ta ji sauƙi, na koma aiki. Ashe ina juya baya ta miƙa wa maƙwabciya ragowar kwalbar, wai ba a rowar magani. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Na ɗauki hutu, na sayo wata kwalbar, na zauna da ita da kaina. Safe da yamma sai ta ɗora kai a cinyata bisa tabarma, in ja kunnen, in ɗiga, mu jira ya shige. Rabon da in taɓa kanta tun ina yarinya. Furfurarta ƙanshin hayaƙin murhu take yi. Tunda ba halin tashi, sai ta yi ta ba ni labarin mahaifina da ban taɓa ji ba, ni kuwa in ƙara mata mintoci da gangan.

Rana ta goma ta ce, "Wa ke daka a gidan liman?" Ni ko ji ban yi ba.

Yanzu ko raɗa na yi a waya, ta ji. "Ina jin ki sarai, 'yar nan, ba sai kin sha hanya ba."

Allah ya yafe min, duk damina in hadari ya haɗu, sai na tambaye ta ko kunnen ya fara ƙaiƙayi.