Datsin da muka yi da wana

Ni da wana muka datse ƙoramar da ke gindin gonarmu, arewa da Filinge. Shi ya fara ganin wurin. Kowace damina ruwa yakan gangaro daga tsauni ya wuce mu, da rani kuma matan gidanmu su yi ta jan guga a rijiya mai zurfi har tafin hannunsu ya tsage. Rani guda muka yi muna ɗibar jar ƙasa da kwando, muna dabewa da ƙafa, masu wucewa kasuwa suna mana dariya. Da ruwa ya sauka, datsin ya riƙe. Har bayan an cika rumbuna da gero muna sha. Fulani su shayar da shanunsu, su kwana a gonar, su bar mana taki.

Ba a daɗe da zaman Nasara a ƙasar Kurfai ba, wata rana da hantsi ayarin sojansu ya biyo ta wurinmu za su gabas. Dawaki, jakuna, raƙuma, duk suka faɗa ruwan. Waɗanda ba su sami wuri ba suka hau kan datsin, ƙasa ta fara zubewa. Wana ya ajiye gatarinsa ya nufi tafintan Nasaran da ke jagorantar su.

"Malam, ruwa na Allah ne, ba mu hana kowa ba. Ka dai gaya mishi a zagaya da dabbobi ta gefe. Datsin nan ba ya ɗaukar raƙumi."

Tafinta ya juya masa maganar da harshensu. Nasaran bai ko dubi datsin ba, kafaɗun wana ya duba. Ashe masu ɗaukar musu kaya sun gudu a hanya. Nan take aka ɗora masa akwati a ka.

Na ce, "Yaya, bari in karɓe ka, kai kana da iyali."

Ya ce, "Tsaya nan. Ka toshe wurin da ya ɓalle tun ƙasa na da danshi."

Na toshe, ni kaɗai. Matarsa tana da ciki a lokacin. Kowace ranar kasuwa sai ta tafi Filinge ta tsaya inda fatake ke sauke kaya, tana tambayar duk wanda ya fito daga gabas. Har ta haihu, ta goya yarinyar ta ci gaba da zuwa.

Sai da ɗiyar ta fara tafiya wani mutumin Tondikandiya ya yi mana sallama. Tare da wana suka yi dakon. Ya ce zazzaɓi ya kama wana gaba da Tawa, ƙafafunsa suka kumbura, aka sauke masa akwatin aka bar shi gindin wata aduwa, ayari ya wuce. Bai san abin da ya biyo baya ba.

Liman ya ce a yi masa sadaka. Matar ta shiga takaba, da ta fita danginta suka zo suka tafi da ita Tabla, da yarinyar. Na raka su har bakin gona, na dawo na rufe ɗakinsa.