Addu'ar Dutsen Niƙa

A garinmu, can kudancin Gombe, uwata ba ta yin addu'ar Uwa Maryamu a zaune. A kan dutsen niƙa take rera ta da yarenmu na Tangale, tana turawa tana jawowa. A gefenta na koya, gwiwa a ƙasa.

Da aure ya kawo ni unguwar Bolari a cikin garin Gombe, sai na tarar coci da Hausa da Turanci ake yi, niƙa kuwa sai inji. Shekaru suka yi ta tafiya. Waɗanda suka iya addu'ar suka bi juna, har ya rage ni kaɗai.

Ana nan aka kawo mana sabon Fada, limamin cocinmu. Ya ce a tono addu'o'in dā, kowace ƙabila da harshenta. Bayan sujadar Mas aka zaunar da ni a kujerar roba, matan zumunta suka kewaye ni, aka kara mini waya don a ɗauka. Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

"Kaka, ko shayi za a kawo?" in ji shugabar mata.

"Ke dai kawo mini dutse."

"Wa za ki jefa? Fada?"

Aka yi dariya. Na ce na niƙa nake nufi.

Aka nema a Bolari, babu. Sai a Kwadon aka samu, gidan wata Bafulatana mai kawo mana nono. Ta ce na kakarta ne, a dawo mata da abinta lafiya. A keke aka ɗauko shi.

Na durƙusa, aka zuba dawa. Hannu ya tafi ya dawo, sai baki ya bi shi. Addu'ar ta zo sumul har tsakiya, nan ta tsaya cak. Aka ƙara dawa, na sake, nan dai ta tsaya. Sai na tuna. Daidai wurin nan dawar da ke ƙwarya take ƙarewa, uwata ta aike ni rumbu in ɗebo. Kafin in dawo ta shafa. Ƙarshen ban taɓa jin sa ba.

Fada ya ce, "Mama, mu ƙarasa da Hausa."

Haka ake yinta yanzu duk Asabar. Su wuce da Hausa, ni in tsaya inda na sani.