Layi Ɗaya da Ya Kusa Ƙara Mini Shekara

Jama'a masu karatu, ina yi muku sallama. A lokacin da abin nan ya faru ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na kimiyyar kwamfuta a Dutse, ina zaune wajen gwaggota a Yalwawa, iyayena kuma suna Kiyawa. Ban cika magana ba. A aji kujerar jikin bango nake zama, kuma ko tambaya ta cika mini baki, gara in haɗiye ta in je in nemo amsa a littafi. Abin da nake taƙama da shi kawai shi ne tsantseni, don ba na miƙa aiki sai na duba shi har na gaji.

A wani darasi malaminmu ya ba kowa aikin rubuta ƙaramin direba na Linux, wato 'yar manhajar da ake cusawa cikin kanel, zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don ta karɓi rubutu harafi-harafi ta adana, in an nema ta mayar. Darasin sau ɗaya ake yin sa a shekara, duk wanda ya faɗi sai ya ƙara shekara. Na zage na rubuta nawa, yana aiki lafiya. Sai dai batirin kwamfutata ya tsufa, wuta kuma ba kullum ba, don haka na saba da zarar na ɗora direban na ga ya yi aiki, sai in kashe kwamfutar gaba ɗaya. Ban taɓa sauke shi kwamfutar tana kunne in ga abin da zai biyo baya ba.

Ranar gwaji na ɗora shi gaban aji, na rubuta, na karanto, komai daidai. Malam ya gyaɗa kai, sannan ya ce in sauke direban in sake neman karanta fayil ɗinsa, yana so ya ga irin ƙorafin da kwamfutar za ta yi. Ina dannawa komai ya sandare, allo ya ƙame, madannai suka mutu. Wata 'yar ajinmu mai barkwanci ta ce ai kwamfutar ma kunyar mai ita ta ɗauka, aji ya fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce direban da ke kashe kwamfuta ya fi wanda ba ya aiki haɗari, ya ba ni zuwa mako mai zuwa, in ba haka ba mu haɗu baɗi.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na zargi kwamfutar, na goge komai na sake ɗorawa. Na bi sashen karatu da na rubutu na direban layi-layi, ban ga aibu ba. Duk lokacin da na gwada sai ta sandare, in kashe ta da ƙarfi, saƙon da kanel ya bari kuma ya tafi kafin in gan shi. Baba ya kira yana tambayar yaushe za a gama, na ce masa an kusa. Gwaggo ta ga tuwo yana kwana a kwanona, ta ce ko aljanun kwamfutar ne suka kama ni a kira mai ruƙiyya. Da na yi mata bayani sama-sama, sai ta ce ita ba ta gane ba, amma a ajin nan duka ba a rasa mai baki da kunne.

Da ƙyar na tunkari mai barkwancin nan. Ta ce wallahi ita ma ba ta san matsalar ba, amma wa ya ce in riƙa gwada direba a kan kwamfutar da nake aiki da ita? Ta nuna mini yadda ake buɗe wata kwamfutar ta gwaji a cikin tawa, wadda in ta mutu tawa tana nan, saƙonnin kuma suna fitowa a gefe. Da muka gwada, na ga kanel yana cewa ya je wani adireshi bai tarar da komai ba. Nan na ajiye sashen shiga, mai aiki idan an ɗora direban, da sashen fita, mai aiki idan an sauke shi, gefe da gefe. A shiga na karɓi lamba daga kanel, na karɓi wurin ajiya, na yi wa direban rajista a wurinsa. A fita na mayar da lamba da wurin ajiya, amma ban soke rajistar ba. Kamar an rushe shago ne aka bar allonsa a bakin titi, kanel ya bi allon ya faɗa rami. Layi ɗaya na ƙara. Na ɗora, na sauke, na sake, har hannuna ya gaji, kwamfutar ba ta ko girgiza ba.

Ranar da na koma, Malam da kansa ya zauna ya yi ta ɗorawa yana saukewa. Daga bisani ya ce in tashi in yi wa aji bayanin abin da ya faru. Na tashi na yi, har da zane a allo, wasu ma suka koma duba nasu suka tarar da irin ramin. Na ci darasin, na fita tare da 'yan ajinmu, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, aikin da aka gwada ta hanya ɗaya tak ba a gwada shi ba, komai yawan dubawa. 'Yan uwana ɗalibai, ku gwada fita kamar yadda kuke gwada shiga, duk abin da kuka karɓa daga kanel ku mayar masa. Masu kunya irina kuma, kada ku bari ta kai ku ga ƙarin shekara. Ku buɗe baki ku tambaya tun kafin lokaci ya ƙure.